Faifan Kosi

Illo, Nuwamba 1960

Yaya Ruƙayyatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da yara da mutanen Kende. Ina gajiyar kaka?

Yaya, gidana ya zama abin kallo. Maigidana Malam ya samo wani faifan garmaho, kullum ya taso daga ofishin kwastan sai ya ɗora shi. Wai waƙa ce. Ba ganga, ba goge, ba a kiran sunan kowa. Maza su yi gurnani kamar bijimai, mata su ɗauka da tsuwa sama-sama, su ja, su ja, har tuwona ya huce. Shi ko ya rufe ido, ya ce in saurari yadda muryoyin ke shiga juna. Na saurara. Shanun Sambo makiyayi sun fi su tsari.

Kin tuna Kosi, abokinsa Kirista mai aikin kwastan a ɓangaren Dahome, wanda jirgi ya kife da shi a kogin Kwara? Matarsa ce ta ba Malam faifan da za ta koma garinsu. Ashe waƙar jana'izarsu ce ta coci. A ɗakina, Yaya!

Ki gaida maigidanki Arzika.

Ƙanwarki,
Hamsatu

Illo, Disamba 1960

Yaya Ruƙayyatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wagga magana ta kai masallaci. Masu bakin banza sun ce Malam ya bar salla, mutumin da ke riga ladan tashi. Baffa Lauwali, wanda ko gaisuwar mutuwar Kosi bai yi ba alhali ya sha cin goronsa, ya zo har zaure ya taka faifan ya fashe, ya ce ko a bar wagga waƙa ko in koma gidanmu.

Malam ya tsince gutsattsarin. Tun ranar ba ya cin abincin kirki. Jiya ya ce mini bai ga gawar abokinsa ba, bai san kabarinsa ba, a faifan nan kaɗai yake raka shi.

Ra'ayina bai sake ba, waƙar ba daɗi. Amma in Arzika zai tafi Kandi fatauci, ya biya gidan fada, limamin coci, ya tambayo faifan irinta. Ya ɓoye cikin buhun gishiri. In Baffa ya dawo, ni zai tarar a zaure.

Taki har kullum,
Hamsatu