Taku Biyu Daga Mai Kuka

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Inna? Yaya 'yar tawa, tana cin abinci kuwa?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Makarantar tsaf take, yara goma sha biyar kacal a ajina, kowanne da ƙasarsa. Gajiya ce dai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ranar Talata wata ɗalibata, sa'ar 'yata, ta fashe da kuka. An sake yi wa babanta canjin wurin aiki, za ta rabu da ƙawayenta karo na uku. Kin san halina. Na jawo ta jikina, na share mata hawaye da bakin mayafina har ta yi shiru. Kafin a tashi, shugabar makaranta ta kira ni ofis. Da murmushinta ta ce, "Malama, a nan ba ma taɓa yara. Ki miƙa mata tishu kawai." Har da sa hannu a takardar jan kunne. Ni, da shekara goma sha biyu ina riƙe da alli!

Jiya yarinyar ta sake kuka, tana kallona. Na tsaya taku biyu daga gare ta, na miƙa mata tishu. Sun ce na yi daidai.

Kada Inna ta ji wannan. Amma don Allah, Yaya, idan tawa ta yi kuka, ki ajiye abin da ke hannunki ki rungume ta sosai. Ke ba mai kiran ki ofis.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki