Maratayin Bindigar Baba

Zuwa ga yayana, Lala Bakht Zamin, sarkin direbobin Karaci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da motar nan da ka fi so a kanmu. Adai, uwar da ta haife ka idan ba ka manta ba, tana gaishe ka. Masara ta nuna, saniya ta haihu, kuma ɗan maraƙin da kai yake kama.

Maganar bikinka. Surukanka na ƙetaren kogi sun aiko cewa ƙwan da za su kafa, can saman dutse za su kai shi, wai su ga ko da sauran namiji a gidanmu. Ka dai san ba sa sakin amarya sai wani cikin 'yan rakiyar ango ya fasa shi da harsashi. Na ce su rataye shi can sama a jikin wata ma. Ni zan harba, da bindigar marigayi Baba.

Sai dai maratayinta ya tsinke, asu ya gama da shi. Ina saƙa sabo da hannuna. Na aske baƙin bunsurunmu, yanzu tsirara yake yawo yana hararata. Na kaɗa zare, na kafa turaku a tsakar gida, har na yi kamu guda. Farkon ya karkace kamar hanyar garinmu, amma yana miƙewa.

Ka taho mini da alewa. Ƙaninka, Zmarak.

*

Zuwa ga Zmarak,

Wa alaikumus salam. Ka gaishe da Adai, ka ce ta sa ni a addu'a.

Ban yi dariya ba. Baffa Sarwar ya aiko mini cewa a hujura, zauren maza, gaban manya da baƙi, Zmarak Bibi ake kiranka, yadda ake kiran mata. Ya ce yara na hawa katanga su ga ɗan Mir Afzal durƙushe yana saƙa kamar matar aure. Kai ne ka zuba barkono a tabar da Baffa ke shaƙa, kai ne ka ɗaure jakin liman a kan rufin masallaci. Duk na biya haƙuri. Bikina ba wurin wasanka ba ne.

Na aiko maka da maratayin fata, sabo fil. Idan kuma lallai sai na saƙa, ai Adai ce ta saƙa na farkon, sai ta saƙa wannan. Baffa ya ce idan ba ka tuge turakun nan ba zai karɓe bindigar, ɗansa ya yi harbin. Na amince masa.

Allah ya shirye ka. Bakht Zamin.

*

Zuwa ga Lala,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, tun da ba ka tambaya ba.

Maratayin fata ya iso, an gode. Yana wuyan ɗan maraƙi, ya yi masa kyau ƙwarai.

Baffa ma ya iso. Ya same ni kan aiki, bindigar tana kan cinyata. Ya ce, "Bibi, miƙo kayan maza." Na ce, "Baffa, sannu da zuwa, yaya hancin? Ya daina atishawa?" Ya ce, "Ubanka da yana raye da ya karya maka yatsu." Na ce, "Ubana da yana raye da ba ka shigo gidansa kana ɗaga murya ba." Ya ɗaga sanda, Adai ta yi gyaran murya daga ɗaki, ya sauke. Ya tafi da rantsuwar zai dawo ranar Juma'a da dattawa. Su zo. In za su ɗauki bindigar, sai su ɗauke ni tare da ita, ni kuwa ina cizo.

Ka ce Adai ta saƙa. To, saurara. Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa maka ba sai an gama biki, yau na karya, zunubin a raba da kai. Idon Adai ya tafi, Lala. Tun lokacin sanyi take zuba gishiri a shayi. Zuwanka na ƙarshe da ta shafa fuskarka ta ce ka rame, ka ɗauka shagwaɓa ce. Dubawa take yi.

Zaman Karaci ya sa ka manta abin da matan ƙetaren kogi ke fara kallo idan ango ya iso. Ba bindiga ba, maratayi. Kowane gida da adonsa, namu ƙahon rago ne ja a kan baƙi, tun daga kakar Baba. Wanda ya zo da na kasuwa, waƙa suke yi masa a kan rufi, wai ba mace a gidansu da ta damu da kafaɗarsa. Ba mu da 'yar'uwa. Na iske Adai ta zauna da tsohon maratayin tana laluben adon da yatsa, tana kuka ba sauti. Na ce, "Adai, ki zama kai, in zama hannu."

Haka muke yi. Ni ke jan zare, ita ke bi da yatsa. Inda na yi kuskure sai ta mare ni a ƙeya ta ce, "Warware, ɗan jaki." Ba ta taɓa kuskuren ƙeyar ba, shi ya sa wani lokacin nake zargin tana gani. Jiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan tun rasuwar Baba.

Ba zan tuge turaku ba. Su kira ni Bibi, su haɗa mini da lalle. Da ƙahon rago a kafaɗata zan fasa musu ƙwan nan, ko kai ka so ko ka ƙi.

Wassalam. Zmarak Bibi, mai saƙa.

*

Zmarak, ƙanina,

Salam. Na karanta, na ajiye mota a gefen hanya.

Na rubuta wa Baffa: bindiga tana gidan Baba, kuma kai za ka harba. Na nemi likitan ido a Peshawar, bayan biki zan kai Adai da kaina.

Kada ka ƙarasa maratayin. Ka bar mini taƙi ɗaya a ƙarshe, ina so Adai ta riƙe hannuna in saƙa shi. Idan kuma ka kuskure ƙwan, da maratayin zan zane ka.

Ka sumbaci hannun Adai a madadina. Yayanka.

*

Lala,

Salam. An bar maka taƙinka. Adai ta ce ka wanke baƙin man mota kafin ka taɓa mata zare, kuma ka zo da ƙeyarka.

A hujura har an raɗa maka suna: Bakht Zamina Bibi. Ni na raɗa.

Kada ka manta alewa. Zmarak.