Tabon da ke kan madubin Narelle

Gingin

Yaya Narelle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Mama kuna lafiya. Da kunya nake rubuto miki wannan. Madubin da kika yi wa shafe mai maido da haske ya iso ɗakin bincikenmu a nan Gingin, mun kafa shi, mun harba masa hasken leza. Hasken ya kamata ya dawo a dunƙule, sai ga shi yana dawowa a karkace. Na'urar auna zafi ta nuna ɗan tabo kusa da tsakiya, bai kai ƙwayar gishiri ba, yana shan haske yana ɗumama, gilashin na kumbura a wurin. Da irin wannan hasken ba za mu taɓa jin girgizar da taurari ke aikowa in sun yi karo ba. Shugabanmu ya ce tabon a cikin shafenki yake. Kada ki cinye ni.

Ƙanenki, Callum

Sydney

Callum,

Muna lafiya, Mama na gaishe ka. Kai da na koya wa ɗaura igiyar takalmi, yau kai ne mai duba aikina? Ka sani dama a nan ana ta raɗe-raɗin idona ya gaji. An ce in wannan madubin ya ɓaci, in tattara in koma gida. Kafin ku yanke mini hukunci, ku juya madubin rabin zagaye ku sake aunawa. In tabon ya bi shi, nawa ne, zan ajiye aikin da kaina. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Yayarka

Gingin

Yaya,

Barka da warhaka. Mun juya shi. Tabon ko motsi bai yi ba, yana nan inda yake. Ashe ɗan zaren tsumma ne ya maƙale a gilashin tagar da hasken ke bi kafin ya isa madubin. Mun goge, haske ya dawo zagaye sumul. Shugaba ya rubuta wa manyan wurin aikinki da hannunsa cewa shafenki ba shi da laifi. Sai da na fita waje na zauna a ƙasa. Jatan landen Kirsimeti a wuyana yake.

Callum

Sydney

Ɗan rainin wayo,

Na gode. Ranar da wasiƙarka ta farko ta zo na kwashe kayan teburina a kwali, ban gaya wa kowa ba. Yau da safe na mayar da su. Ka sayo manya, kuma kai za ka ɓare.

Narelle