Fuskar Baba Yoshuwa ta ɓace a kalanda

Kawu Ango, don Allah ka taimake ni da shawara. Raina ya ɓaci har abinci ba ya shiga.

Ni mai zane ne a Madawa. Da fenti na fara, ina rubuta allunan shaguna, daga baya na koyi zane da ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, a buron wani proje na raya karkara. Majami'armu ta ce in yi kalandar 1999 da hoton marigayi Baba Yoshuwa, tsohon mai bishara. Shi da matarsa Inna Lahadi suka riƙe ni tun ina maraya. Hotonsa ɗaya ne a duniya, ya koɗe, don haka na zauna na sake zana fuskar layi-layi, har tsagar kumatunsa.

Irin wannan zane hawa-hawa ake yinsa, kamar ledoji bisa juna. Fuskar tana ƙasa, na ɗora mata wani farin haske shara-shara da ake ganinta ta cikinsa. Akwai kuma hawa guda mai jan layi biyu a gicciye, wanda na auna tsakiyar fuskar da shi. Wannan ɓoye shi na yi, ban goge ba. Inna ta zo buro, wato ofishinmu, ta gani a gilashin ordinatar, ta yi hawaye, ta sa mini albarka.

Jonatan, sakataren majami'a, shi ya kai disket, faifan da na ajiye zanen a ciki, gidan buga takardu a Yamai. Ashe furogaram ɗin zanensu daban yake da nawa. Da suka buɗe, hasken nan ya koma farin faci ya rufe fuskar ruf, jan layukan da na ɓoye kuma suka fito bisa facin. Hula da riga suna nan, mutum babu, kamar an soke shi da gangan. Jonatan bai tsaya ganin bugun gwaji ba, sauri yake kada mota ta bar shi. Ranar Nowel, wato Kirsimeti, aka raba kalandar a bakin majami'a tun ban ganta ba.

Yanzu kowa ya wanke hannunsa. Mai bugawa ya ce abin da aka ba shi ya buga, Jonatan ya ce shi ɗan aike ne, dattawan majami'a da suke kirana ɗansu jiya yau kallon banza suke mini. Mafi ciwo, kalandar ta kai Tama wurin dangin Baba, wata tsohuwa ta ce abin bautar gidansu da ya juya wa baya tun yana saurayi ne ya biyo shi ya ɗauke fuskarsa. Maganar ta dawo kunnen Inna. Ina gaishe ta, sai ta kau da kai. Na yi niyyar in miƙe ran Lahadi in tona Jonatan gaban jama'a, in tattara kayana in bar garin. Me ka gani?

Mai zane, Madawa

Ɗana, na ji zafinka, kuma kana da gaskiya a wuri biyu. Mai bugawa da ya ga mutum ba fuska ya kamata ya dakata ya tambaya, Jonatan kuma ya yi sakaci. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kai ka san akwai abin ɓoye cikin zanen, su ba su sani ba, ka kuma miƙa disket ba tare da takardar da ke nuna yadda aikin zai fito ba.

Na tambayi Kalla, mai tsara shafukan jaridarmu. Ya ce ba kowane furogaram ke gane launi shara-shara na wani ba, wani kuma fito da duk hawan da aka ɓoye yake yi. Ka ajiye aikinka na asali gefe, ka yi kwafi. A kwafin ka goge abin da ba ka so a gani, ka haɗe hasken da fuskar su zama hoto guda. Ka tambayi mai bugawa irin ajiyar da na'urarsa ke karantawa, ka haɗa disket da bugu ɗaya na takarda, kuma kada a tada inji sai idonka ya ga gwaji.

Tonon silili a majami'a ba zai mayar da fuskar ba, barin gari kuma zai sa a ce da ma ka san abin da ka yi. Ka sami Jonatan ku biyu, ku je wurin dattawa tare ku nemi a sake bugawa. Tsohuwar Tama ma kada ka riƙe ta a zuciya, ɗan'uwanta ta nema a takarda ba ta gan shi ba.

Inna ba da kai kaɗai take fushi ba, ji take kamar an sake binne mata miji. Fuskar da ta yi wa hawaye tana nan cikin ordinatarka. Ka buga ta a takarda mai kyau, biyu, ka durƙusa ka ba ta haƙuri ba tare da dogon bayanin na'ura ba. Ɗaya tata ce, ɗayar ka roƙe ta ka raka ta ku kai Tama, tunda gani ya kori ji.

Allah ya huci zuciyarta, ya sa ka sake jin ta amsa gaisuwarka.

Kawu Ango