Inna a Cikin Masu Ware Taba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya na kai tsakuwa kusa da tsohon kamfanin taba, sai na tarar an mayar da shi gidan tarihi. Na shiga. Ɗakin farko tukwane ne da takubban mutanen da. Na biyu duwatsu ne cikin gilashi, kowanne da sunansa. Dariya ta kama ni: abin da nake sayarwa tifa-tifa, su suna lallaɓa shi kamar ƙwai.

Ɗaki na uku ne ya kashe min jiki. Sun rataye busasshen ganyen taba, mai ƙamshin nan da ke zanin Inna in ta taso aiki. A bango ga hoton mata masu ware ganye. Kin san ba mu da hotonta ko ɗaya, ni kuma ta rasu ban gama wayo ba. Na ce a yi min kuɗinsa, jami'in ya ce ba na sayarwa ba ne. Ni za a faɗa wa haka! Dole na ɗauka a waya na wanko, ga shi nan ciki. Doguwar nan ta gaba mai murmushi, ita ce ko? Hancina ne sak. Har na nuna wa 'ya'yana kakarsu. Ki tabbatar min kafin in kafa shi a falo.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, amsarki ta iso, na kuma ji ba'ar da kika yi wa hancina. To, na yarda. Ashe doguwar shugabar aiki ce, mai hana su fita shan ruwa. Allah ya so ni ban rataye ta ba.

Na koma na duba inda kika ce: can gefe kusa da taga, wadda ta juya baya, ɗankwali a karkace, da goyo. Kin ce hoto take gudu, goyon kuwa ni ne. Na daɗe a tsaye har jami'in ya kawo min kujera. Na ce masa yajin ganye ne ke damun idona.

Mai wankin hoton da na kai wa ya ƙara min girmanta cewa ya yi, wa ke kafa ƙeya a falo? Na ce ya yi aikinsa kawai. Fuskar kam tana wurinki ke kaɗai, Yaya. Amma ni dama bayan nan nata na fi sani.

A gaishe min da yara.

Ƙaninki,
Auta