Ramuka Goma Sha Biyu Ƙarƙashin Rumfar Mata

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wasannin Bazara na Tambuwal da Kebbe.

Ranka shi daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya kai da iyali, da tambayar gajiyar hidima. Sunana Bawa, marini ne ni, ɗan marini. Ba ni da boko, maƙwabcina malamin makaranta ne ya rubuta wagga takarda yadda na faɗa, na kuwa hana shi ya sassauta ko kalma guda. Na sa a manna ta a bakin kasuwa ne don sau biyu ina zuwa ofishinku ana koro ni.

Na ɗaya. Kada a ce ba ni son wasa. Tun da aka ba ƙasarmu mulkin kai ban ga garin nan ya cika kamar bana ba. Daga ƙofar gidana nika kallon komi. Mutanen Jabo da Sanyinna suna shigowa a ƙasa da bisa jakuna, na Kebbe da Fakku a bayan babbar mota, ƙafafu na reto. Masu tseren keke sun ɗaura tsummoki kore da fari a ƙahon kekunansu, suna ƙararrawa ko ba kowa a gabansu. 'Yan dambe na yawo da hannu naɗe, ana ba su hanya. Matan Fulani sun jera ƙoren nono tun daga masallaci har mahauta, mai tsire bai ƙarasa gashi an miƙo hannu. Makaɗa kuwa sun hana kowa sakat. Ni ma da furfurata na tsaya na ga kokawa, na ji daɗi.

Na biyu, kuma shi ne abin da ya hana ni cin tuwo. Filin da kuka share, gabas da kasuwa, tsohon karofinmu ne, wato wurin da muke rini. Ramuka goma sha biyu ne a ciki, layi uku, fuɗu-fuɗu, kowane ya shanye mutum biyu a tsaye. Shekara tara ke nan da rijiyar wurin ta ƙafe muka koma bakin fadama. Kun ga fili a shimfiɗe kun ɗauka an cike ramukan. Wallahi ba a cike su ba. Marini bai cike rami, domin kafin a shafe cikinsa da katsi, wato ƙonannen dattin rini, har ya riƙe ruwa ana shan wahalar da ba a so a maimaita. Rufe shi akan yi, don ko jika ya zo ya buɗe. Azara muka gitta, muka shimfiɗa zana, muka zuba ƙasa kamu biyu. Ni na yi aikin da hannuna, ni da ƙannena biyu. Mun yi shi ne don akuya da mai wucewa, ba don ɗaruruwan mutane su hau suna tsalle ba. Gara kuma shekara tara tana cin zanar nan ba wanda ya hana ta.

To, daidai bisa waɗannan ramuka kuka kafa rumfar mata.

Na uku, abin da na gani da idona. Ran da ake kafa rumfar, wata dirka da aka soka ta zurma har rabi ba tare da an buga ta ba. Masu aikin suka yi dariya, suka matsa gefe suka sake kafawa. Ran Talata aka yi ruwan farko, mutane suka tafi shuka kwana biyu suka dawo. Ni kuwa tun washegarin ruwan, da safen Laraba, na zagaya filin. Ko'ina ruwa ya kwanta, ban da ƙarƙashin rumfar nan, can ƙasa ta shanye shi tas. Ina ya tafi? Na duƙa na ga tsaga ta zagaye kamar bakin tukunya a wuri uku. Na soka sandata, ta shige ba ta taɓa komi ba, da na zaro ta kanta a jiƙe, da baƙin shuni da warin da na sani tun ina yaro. Ramukan sun fara cika da ruwa, ƙasar da ke samansu kuma ta yi nauyi.

Na fuɗu. Na kai maganar ga magatakardan kwamitinku. Zuwan farko ya ce in dawo bayan wasa. Zuwa na biyu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ya san irinmu, 'yan hamayya ne suka turo ni in ɓata taro. Ni da ban san ƙofar ofishin kowace jam'iyya ba. Na roƙe shi ya taka ya gani, tafiyar da ba ta kai shan ruwa ba, ya ce takalminsa bai shiga taɓo. Har da cewa tun da aka fara ba abin da ya faru. Gaskiya ne, amma tun da aka fara ba a yi ruwa ba sai yanzu, kuma rumfar ba ta taɓa cika ba.

Ran Lahadi za ta cika. Ranar ce gwanin kokawar Kebbe zai kara da namu, namu kuwa surukina ne, Ɗangwani, mijin ɗiyata Luba. Luba na da goyon wata biyar. Ita ce kan gaba cikin masu guɗa, ta riga ta kama wuri a layin farko, bisa ramin tsakiya, wanda ya fi duka zurfi. Na yi mata magana, ta ce Baba, in wurin da haɗari ai da manya ba su kafa rumfa ba. Ka ji, ranka shi daɗe. Ta fi yarda da rumfarku a kan maganar ubanta, haka ma sauran matan. Na je wa mijin, ya saurare ni da ladabi, amma hankalinsa na ga abokin karonsa. Kun san abin da mata kan yi in an kayar da mutum, tashi suke gaba ɗaya, su daki ƙasa. Bakin ramin nan ƙunci gare shi, wanda ya faɗa da goyo a baya ba shi da wurin juyawa. Tsoro nika ji, ba ni ɓoyewa.

Roƙona kaɗan ne. A ɗauke rumfar mata a mai da ita arewa, wajen tsamiya, can ƙasa ce mai tauri, aikin wuni guda ne. A kewaye tsohon karofin da ƙaya. In ana shakkar maganata, ka zo da kanka ko ka aiko dattijo guda, in ba shi sanda ya soka.

In har Asabar ta yi la'asar rumfar na nan inda take, to ina sanar da kai tun yanzu don kada a ce na yi a ɓoye. Lahadi da hantsi, kafin a buga ganga, zan zo da ƙannena da fartanyu mu buɗe ramukan ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Na san za a ce na ɓata wasa, na san za a kama ni. A kama. Gara a ɗaura mini igiya a ƙugu a ja ni cikin kasuwa, da in tsaya riƙe da igiya ina laluben ɗiyata da jikana cikin ramin da ni na rufe.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka kunnen jin talaka, shi sa a watse taron nan kowace uwa ta koma gida da ɗanta a baya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Bawa Marini, Tambuwal.