Goyon Asger

Aarhus, 9 ga Janairu

Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki da wannan sanyi? Yaya Baba da tarinsa? Mu lafiya lau, Asger ya shiga wata na huɗu. Na rubuto ne don kunnenki ba ya shiri da waya, kuma wannan labari ba na ɗaga murya ba ne.

Ranar Talata na naɗe Asger cikin bargon ulun da kika saƙa, na kwantar da shi a kekensa na jarirai a tsakar gidan benenmu ya yi barcin rana a iska, kamar yadda kowace uwa ke yi a nan, na hau sama. Da na leƙo ta taga, keke na nan, yaro babu. Ban san yadda na sauko ba, ko takalmi babu a ƙafata.

Ashe yana ɗakin Ubah, 'yar Somaliyar nan mai 'ya'ya biyar da ke zaune a hawan ƙasa na benenmu. Ta rungume shi a ƙirji, ko sannu ba ta ce min ba. "Ke, kifi kika haifa da za ki ajiye shi a ƙanƙara?" Na nuna mata 'ya'yan maƙwabta biyu suna barcinsu a waje. Ta ce, "Waɗancan nasu ne, sun san abinsu. Wannan namu ne. Wace uwa ce ma ta rene ki?" Na ce sunanta Bodil, Baturiya ce daga Skive, ita ta ɗauko ni daga Addis Ababa ina jaririya. Sai ta ce, "To, zauna," ta zuba min shayi mai citta.

Na ji haushi, amma wannan "namu" ta tsaya min a rai. Tun ina makaranta ake tambayata daga ina nake. Ita ba ta tambaya ba.

Ta koya min goyo da zani. Da ya ji bayana sai barci.

Ki gaida Baba. Mijina Troels na gaishe ku.

'Yarki,
Rikke

Aarhus, 2 ga Fabrairu

Mama,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin isa gida lafiya, tunda ba ki ce min komai ba tun ranar da kika zo.

Na san abin da kika gani. Kin sha hanya a jirgin ƙasa da wainar kirfa a jaka, kika tarar da jikanki a bayana, Ubah a kicin ɗina tana min tsiya cewa ɗaurina ko kaza ba zai riƙe ba, keken da kuka saya kuma a naɗe a bayan ƙofa. Kin gaishe ta da ladabi, kin sha kofi rabin kofi. A bakin ƙofa kika ce, "Na ga kin samu danginki," kika bi jirgin da ya riga naki tashi.

Mama, ba musanya ki na yi ba. Amma tun da na haihu, in na dubi Asger sai in tuna akwai matar da ta taɓa dubana haka. Ban san fuskarta ba, ban san ko ta riƙe ni kwana ɗaya ba kafin ta ajiye ni. In na goya shi, sai in ji kamar ina yin wani abu da ta sani. Ban iya faɗa miki ba don kada ki ji ciwo, ga shi kin ji duk da haka.

Uwa ɗaya na sani. In ita ma ta ja baya, ban san wa zan zama a wurin yaron nan ba. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Taki,
Rikke

Aarhus, 20 ga Fabrairu

Mamana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji gwiwar ta yi sauƙi, har kin koma wurin waƙar coci.

Jiya Baba ya kira ni daga gareji, yana raɗa kamar ɓarawo. Ya ce, "'Yata, ku biyun nan za ku kashe ni da shirunku. Bari in gaya miki abin da wannan mai taurin kan ba za ta faɗa ba."

Ya ce da kuka kawo ni, kin kwantar da ni a keke a lambu kamar kowa, ni kuwa na yi ta tsala ihu har muryata ta dishe. Gado ma na ƙi. Sai wata rana ya dawo daga aiki ya tarar da labule a sake, ke kuma kin ɗaure ni a bayanki da mayafin teburin cin abinci, kina wanke kwanuka, ni ina barci. Kakata ta ce za ki lalata ni, maƙwabta suka yi ta dariya, amma haka kika yi ta yi har na fara tafiya. Ya ce ba wanda ya koya miki, ni ce na yi ta rarrafowa ina hawa bayanki har kika gane.

Na zauna a ƙasa na yi kuka. Jariri ba ya neman bayan da bai saba da shi ba, Mama. Ashe wadda ta haife ni ta goya ni. Ba kwana ɗaya ba, har jikina ya riƙe. Amsar da nake nema tana wurinki tun tuni, domin daga inda ta tsaya kika karɓa.

Ki zo ranar Asabar. Baba ya ce mayafin yana nan a ƙasan kabad, ki taho da shi. Na ba Ubah labarin, ta ce sai ta ga ɗaurin Skive da idonta kafin ta yarda a ba ki ɗanmu.

'Yarki har kullum,
Rikke